Ranar da Yaya Ya Hana Ni Ɗaukar Ɗiyata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, malamin motsa jiki a wata lakwal, wato makaranta, a Konni, wanda hatsarin mota a hanyar Tsarnawa ya raba da ƙafarsa ta hagu. Jama'a na tuna shi da sandunansa biyu da dariyarsa mai tashin maƙwabta. Ni kuwa da wata Lahadi nake tuna shi.

Ɗiyata Rakiya makauniya aka haife ta. Ko zaure ba ta wucewa sai hannunta na cikin nawa. Kun dai san halinmu: duk wanda ya hangi makaho sai ya ruga ya kama bakin sandarsa ya ja shi, don neman lada. Wannan ne Yaya ya tsana. Yakan ce mu muna kwasar lada, yaran na kwasar tsoro.

Da an gama girbi sai ya loda yara makafi da guragu da kurame a motar wani abokinsa, su nufi kwarin Badaguishiri. Can suke ratsa garaken albasa, makafi na bin ruwa da kunne, kafin a hau tudu. Dokarsa ɗaya ce: babban da ya biyo su ya haɗa hannuwansa a baya.

Da ƙyar na yarda da tafiyar Rakiya a Lahadin nan, na kuma bi su. Ba ta kai rabin tudun ba tsakuwa ta kwashe ta, gwiwa ta fashe, sandarta ta yi gefe. Na zabura. Yaya ya gitta mini sandarsa.

"Tsaya nan, Hadiza. In kin ɗauke ta yau, ke za ki ɗaukar ta har ki mutu. To bayan kin mutu hwa?"

Wallahi na ji haushinsa. Amma ina kallo yarinyar ta yi kukanta ta gama, ta lalubo sandarta, ta ci gaba. Da ta kai sama ta ƙwala kira: "Kawu, iskan nan ta hi ta gida daɗi!" Ya yi dariya har hawaye, ni ma na yi nawa hawayen, na ɓoye a mayafi.

Da zai dawo yau, zai ga makafi da wayoyi masu magana, ya ga babura sun cika titi. Na san zai yi murna da wayar, ya yi faɗa da masu baburan, sannan ya tarar har yanzu muna kama bakin sandar mutane ba tare da mun tambaye su ba.

Amma zai tarar da Rakiya. Ita da waɗanda suka taso hannunsa ne ke fitar da yaran yanzu. Bana na bi su, gwiwoyina suka ƙi hawa, na tsaya gindin tudun. Ina jin muryarta tana ce wa yara, "Ku taho, dutsi na hagunku." Sai na lura hannuwana na baya, ba wanda ya ce in haɗa su.

Tambayarsa ta daɗe tana cin raina, Allah Ya jiƙansa. Yanzu ko yau aka kira ni, na san Rakiya za ta kai kanta gida.