Ranar da Muka Wanke Ƙafar Mota Kamar Tukunya

Wata Alhamis da hantsi, a shekarar da na shiga aji huɗu, ina durƙushe a tsakar gidanmu na Mai Wurno ina wanke tukwane, sai Yaya Haruna ya shigo fuskarsa duk gumi. Kwana uku ke nan da Baba ya tafi ta'aziyya Abu Hujar ya bar masa hafilarmu, motar da ke jigilar mutane zuwa Sinnar, da sharaɗi guda: in ya tarar da ko ƙwarzane, Yaya zai koma gona ya manta da tuƙi. Shi kuwa bawan Allah, garin gaggawar wuce wata amalanke, ya goga ƙafar gaba da dakalin gefen titi. Janti, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, na farin dalma ne, Baba na ji da shi fiye da rawaninsa. Ga shi bakinsa ya yi kaca-kaca, ga Baba zai dawo da la'asar.

Inna ta fita ta duba, ta shafa wurin da yatsa, ta ce, "Mi an na kuka? Wanga ai ƙarfen tukunya na. Halas, shi ke nan, ku ciro mani shi." Yaya ya ɗaga motar ya kwance ƙafar, muka mirgino ta gindin darbejiya, kaji na ta watsewa. Ya aro magagari wurin maƙerin unguwa ya rage tsinin da ya tashi, daga nan aikin ya dawo hannuna, don a gidan nan ba wanda ya kai ni iya tukunya, kuma ban taɓa ɓoye alfaharina ba. Na fara da dutsen da Inna ke goge kaushi, na bi da yashin bakin kogi, sannan toka da lemon tsami, ina gurzawa ina hura hanci. Yaya, wanda kullum yake kirana Sarkin Ƙauri, ranar har fifita yake yi mini.

Da muka mayar da ƙafar sai muka ga mun yi aika-aika. Tana ta walƙiya, sauran ukun kuwa sun yi duƙun-duƙun, ko makaho ya shafa zai san an taɓa wani abu. Inna ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "In ka yi wa ɗiya guda lalle, sai ka yi wa 'yan'uwanta." Haka muka bi ukun nan ɗaya bayan ɗaya cikin rana, ko tuwo ban tsaya ci ba, yatsuna suka saɓule, lemon na shiga yana yi mini zogi.

Baba ya iso, ya zagaya motar sau biyu. Ya tsuguna daidai ƙafar gaba, ya bi bakin ƙarfen da babban yatsa, ya tsaya inda ya ɗan lotsa. Gabana ya faɗi, don ina son Yayana, kuma na san yadda ya tsani gona. Sai Baba ya kamo hannuwana ya juya su, ya daɗe yana kallo. "Haruna, zo ka gani," in ji shi. "Ƙarfe ya gyaru. Amma duk ranar da gaggawa ta kama ka bisa hanya, ka tuna hannun wa za ta ci." Ya bar masa makulli, ya aika a sayo mini man shafawa.

Yaya ya tsufa a kan sitiyari, mutane na yi masa tsiya wai jaki ma yana wuce shi, shi kuwa bai taɓa ƙara gudu ba. Yanzu ina zaune nesa da kogin, a garin da inji ke gyara irin wannan ɓarna kafin shayi ya huce. Baba da Inna sun riga mu gidan gaskiya, Yaya kuwa sai a waya. Har yau ban sake yin aikin da ya yi mini zafi da daɗi kamar na wannan yini ba.