Fanken Gindin Dutse

Matso kusa, 'yar'uwa, ki ji abin da ke cina, don na gaji da faɗa wa bangon kicin.

Autata ce. Tun da ta shiga kulliya a nan Jidda ta faɗa cikin wata ƙungiyar 'yan mata, nadi suke ce mata, wai masu hawan dutse. Ba irin hawan da alhazai ke yi da matakala ba. Dutse ne miƙaƙƙe kamar bango, can Shafa, saman Ɗa'if, a ɗaura igiya a ƙugu a manne masa kamar ƙadangare. Ni da ko saman gida ba na hawa sai shanya ta tilasta ni.

Kuma wai suna da al'adu. Al'adu! Yaran da jiya-jiya muke goya su. Ranar tafiya, da an yi sallar asuba motarsu ta tsaya, kowa ta jefa wayarta cikin jaka ɗaya, ba mai taɓawa sai an sauko. Sabuwar shiga ita ke ɗaukar igiyoyi, ita ke dafa shayi. Kowace tana da abokiyar igiya, wadda ke tsayawa ƙasa ta riƙe mata, kuma ba mai ɗaga ƙafa sai abokiyar ta duba mata ƙulli ta ƙwanƙwasa mata hular kwano. In an gama, su tsaya a wani shagon ful da tamis, waken nan da gurasa, a bakin hanya, tire ɗaya, ba mai tashi sai ta ƙarshe ta suɗe hannu. Wadda ta tsallake wannan cin, wai kamar ba ta je tafiyar ba.

Abin haushin, har ni sun saka ciki ba da shawarata ba. Tafiyar farko na soya wa auta fanke don kada yunwa ta kayar da ita. Suka raba a gindin dutse, aka hau aka sauko lafiya. Shi ke nan, halas in ji Larabawa, ya zama doka. Duk asubar tafiya sai in ji su a ƙofa: "Khala, ina fankenmu?" Ni da ke roƙon Allah ya raba ta da dutsen nan, ni ce mai guzuri.

Duk wannan da sauƙi, da ba ranar Juma'a suke tafiya ba.

Kin san tun da aka rushe unguwarmu Karantina muka watse. Mu muka gangaro wajen Khumra, wasu suka yi arewa, wasu suka koma gida gaba ɗaya. Abin da ya rage mana shi ne tuwon Juma'a a gidana. A shimfiɗa sufura, ledar cin abinci, a ƙasa, a yi ta gardamar wa ke kusa da wa a tsohon layinmu. A kan sufurar nan Goggona ke zama, yayar babana, wadda ta zo aikin hajji da ƙuruciyarta ba ta koma ba. Ita ta yi mini wankan jego, ita ta goyi auta har bayanta ya gaji. "Ƙawata" take kiranta.

To bana ɗan Goggo da ke Damagaram ya matsa sai ta koma, ƙafa ta ƙi, babu mai kula da ita yadda ya kamata. Aka yanki tikiti. Jirgin daren Juma'a ne, daga gidana mota za ta ɗauke ta bayan magariba zuwa filin jirgi. Tsohuwa irin Goggo in ta tafi, kin san ba dawowa za ta yi ba.

Na ce wa auta, "Wannan Juma'ar babu dutse."

Ta ce, "Umma, abokiyar igiyata ce za ta yi gaba karon farko, ita za ta kai igiya sama. Ni nake duba mata ƙulli tun farkon shekara. In ban je ba, ba za ta hau ba."

"Duk nadin babu mai hannu sai ke?"

"Ba haka ake yi ba, Umma. Wallahi kafin magariba ina gida."

Na so in ƙi soya fanken. Har na kwanta a kan haka. Amma da na tuna 'yar mutane za ta rataye a sama ba ta ci abin da ta saba ba, sai ga ni gaban kasko kafin kiran salla.

Aka taru bayan an sauko masallaci. Na tuƙa tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu, yadda Goggo ke so. Tana zama ta waiga. "Ina ƙawata?"

Na ce, "Tana bisa dutse, Goggo."

"Me ta ajiye a can?"

"Ba komai. Hawa kawai, a taɓa sama a sauko."

Goggo ta yi dariya har da tari. "To ai ta fi ki. Ke tun kina yarinya ko kujera kika hau sai kin kira mutane." Kowa ya yi dariya, ban da ni.

Ta sa aka kawo kwanon auta, ta zuba mata da hannunta, ta tsamo tsokar da ta fi kyau ta ɗora, ta rufe. La'asar ta wuce. Na kira waya, tana cikin jaka. Na sake kira. Goggo dai tana jan carbi, ido a ƙofa, duk motar da ta wuce sai ta gyara mayafi. Aka yi magariba, direba ya fara hon. Ta ce a ƙara jira kaɗan, aka ƙara. Da za ta shiga mota ta riƙe hannuna ta ce, "Ki ce wa ƙawata ta cinye. Kada ki yi mata faɗa kafin ta ci."

Ana kiran isha'i auta ta shigo, hannu duk farin alli, tana warin ful. Ta ga ɗaki wayam, ta tsaya.

Na ce, "Kun tsaya shagon?"

Ta sunkuyar da kai. "Abokiyar igiyata ta kai sama, Umma. Ranarta ce. Na kasa ce musu a tsallake."

Lokacin da suka ɓata kan tiren nan, da ya ishe ta ta sami Goggo a ƙofa. Goggo ta hana faɗa kafin a ci. Na tura mata kwanon. Ta buɗe ta ga tsokar, ta gane hannun da ya ɗora. A ƙoshe take, amma ta zauna ta cinye tas, hawaye na sauka cikin miya.

Da ta gama na yi faɗan, na yi mai yawa. Na ce su kansu sun san ba a tashi a bar mutum kan tire, to tawa sufurar fa? Na ce daga yau nadi ya nemi mai soya masa fanke.

Goggo ta sauka lafiya. Suna magana da auta ta waya, amma kunnen ya yi nauyi, rabin hirar "me kika ce?" ne.

Jibi suna da tafiya. Ɗazu na shiga kicin na tarar da fulawa da yis an ajiye kusa da kasko, ba wanda ya ce mini uffan. Ke da kika ji duka, in ke ce ni, za ki kwaɓa?