Ɗan Aro da Kwalin Dabinon Ilu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Ilu makwancinsa a nan Madina. Shi mutumin Maraɗi ne, ni na Katsina, ɗaki ɗaya muka zauna a Aziziya. Shi yana hawan dabino a gonakin Awali, ni ina wankin motocin alhazai a Bir Ali. Ba zan iya tuna shi ban tuna wani ɗan ƙwallon Italiya ba, wanda bai taɓa sanin akwai wani Ilu a duniya ba.

Ɗan wasan gaba ne, dogo, ba shi da gudu sosai. Babbar ƙungiya ce ta raine shi, amma ba ta taɓa riƙe shi ba. Bana a ba da aronsa ga wata ƙarama, baɗi a sayar da shi rukuni na biyu, wata shekarar a dawo da shi ya zauna a benci. Sai wasa ya kusa tashi, ƙungiya na neman faɗuwa, a tuna da shi. Ya shigo ya sa kai inda wasu ke tsoron sa ƙafa. In an tsira, a sake miƙa shi gaba. Ɗan Aro muke ce masa.

Ran nan bayan la'asar muna kallonsa a shagon mai shayi, na ce, "Ilu, duk 'yan wasan duniya ka rasa gwani sai wannan da ake yawo da shi gida-gida kamar tukunyar biki?"

Ya ce, "Kai tauraro kake kallo, Sale. Ni ma'aikaci nake kallo. Ka taɓa ganin an je aron tukunya mai yoyo?"

Abin da ya fi burge Ilu shi ne in mutumin ya ci tsohuwar ƙungiyarsa ba ya murna. Sai ya ɗaga hannu biyu ya sunkuyar da kai. Da yake ya zaga kusan ko'ina, da wuya ka ga ya yi tsalle. Mu dariya muke yi. Ilu kuwa cewa yake, "Bai manta ruwan da ya sha a can ba."

Shi ma haka rayuwarsa take. Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, yakan tura shi gonar ɗan'uwa, daga can gonar suruki, lokacin ɗaura wa dabino fure a nan, lokacin yanka a can. Duk sanda aka sauya wa Ɗan Aro ƙungiya, sai Ilu ya jawo murfin wani kwalin dabino ya ƙara layi ɗaya. A lokacin ban iya karatu ba, na ɗauka duk maganar ƙwallo ce. Da ya rasu na ajiye murfin a ƙasan akwatina.

Yanzu manyan taurari sun cika filayen ƙasar nan, yara na yawo da rigunansu. Nakan ce da Ilu na nan, na san ba su zai kalla ba. Benci zai leƙa ya ga wa ke ɗaure takalmi yana jira.

Da na shiga ajin karatun manya da wani malami ɗan Kano ke yi mana ranar Juma'a, murfin nan shi ne abu na farko da na karanta ba don an sa ni ba. Sati uku na yi a kansa. Ashe kowane layi kashi biyu ne: sunan ƙungiya, a gabansa gonar da Ilu ke aiki a shekarar. "Gonar mai rijiya biyu, tsohon yana kirana da sunana." "Gonar bayan katanga, itatuwan da na ɗaura wa fure sun yi 'ya'ya." Na san gonar da aka sallame shi da tsakar rana ba ko na gode. Abin da ya rubuta a kanta: "Inuwarsu na da sanyi."

Bana 'yarsa Hadiza ta zo Umara da mijinta, suka neme ni. Bayan gaisuwa ta ce, "Kawu, faɗa mini gaskiya. A gida cewa ake Baba bai taɓa zama wuri ɗaya ba. Korarsa ake yi?"

Tun tana ƙarama take ɗauke da wannan magana. Na ɗauko murfin na karanta mata a hankali, yatsana na bin layi, na kuma ba ta labarin Ɗan Aro da tukunya mai yoyo. Ta yi dariya tana share ido.

Ta ce, "Ashe nemansa ake yi."

Na ce, "Har layi ake yi, 'yata."

Ilu bai bar gida mai bene ba, kamar yadda gwaninsa bai bar kofi ba. Amma akwai itatuwa a Awali da har yau suke ciyar da mutane saboda hannunsa, kuma babu gonar da za ta ce ya zage ta. Ɗan Aro ya ajiye ƙwallo a wata ƙaramar ƙungiya, ni da kaina na karanta a waya. Kafin in ba Hadiza murfin, na rubuta sunan ƙungiyar a layin ƙarshe da rubutuna mai karkata. A gabansa na sa: "Madina. Nan aka riƙe shi, ba a sake ba da aronsa ba."

Allah Ya jiƙan Ilu.