Kajin Hajiya Asabe da Ƙwayoyin Kemis

Har gobe ba na manta wata Laraba cikin damina da aka kira ni Rafin Guza, ina ƙaramin likitan dabbobi. Hajiya Asabe, malamar makaranta mai ritaya, ta zuba duk kuɗin sallamarta a kajin ƙwai. Kajin sun fara durƙushewa, ƙwan kuma da ka taɓa sai ɓawon ya lotsa.

Lokacin kuwa ana ta raɗe-raɗin murar tsuntsaye. Ƙa'idar aikinmu ita ce, in ka yi zarginta dole ka kai rahoto, in gwaji ya tabbatar a kashe kajin gidan kaf a binne. Na kira shugaban sashenmu, ya ce, "Kada ka tsaya tausayi. Ɗebo samfuri ka taho."

Hajiya ta ji. Ta ce, "Likita, don Allah kada ka ce a kashe mini su. Su ke nan gare ni."

Na fara ɗibar samfurin, amma hankalina bai kwanta da murar ba: babu majina, babu kumburin kai. Ɗakin kajin kuwa a rufe ruf da leda saboda feshin ruwa, ko ƙyallin rana ba ya shiga. Na ce, "Hajiya, abincin fa?" Da kanta take haɗawa. Sinadarin bitamin da ake zuba wa abincin kaji ya yi tsada, sai ta koma daka musu bitamin D da take sha don ciwon ƙafarta. Ta ce, "Ni ya yi mini, ya za a yi ya ƙi kaza?"

Na duba kwalin, D2 ne. Na bayyana mata cewa bitamin D ba ya tafiya shi kaɗai a jini, akwai furotin da ke masa dako. Na mutum yana ɗaukar D2 da D3 duka. Na kaza D3 yake riƙewa, D2 kuwa riƙon sakainar kashi yake masa, sai ya zube bai kai ga ƙashi ba.

Duk da haka na kai samfurin, na yi kwanaki ina jira. Sakamako ya fito babu mura. Muka sa D3, aka yaye ledar don hasken rana ma yana sa jikinsu ya samar da shi, yawancinsu suka miƙe. Waɗanda ƙashinsu ya riga ya lanƙwashe sai yanka.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu koyon aikin nan namu, ku tambayi abin da aka ba dabba, kuma kada ku yi dariya. Mutanenmu abin da suke sha shi suke ba ta, don so. Ranar yankan, Hajiya cewa ta yi, "Nawa rabon fa nake raba musu, Likita."