Lemon Tsami a Hannun Baba

Tun kafin a haife ni Baba yake aiki a kamfanin jima a Challawa, kuma ban taɓa jin ya yi alfahari da aikin ba sai da 'yan fim suka zo.

Wani matashin darakta ne yake shirya fim a kan rayuwar lebura, ya roƙi Baba ya koya wa jarumin yadda ake ɗaga ɗanyar fata da yadda ake barbaɗa mata gishiri. Baba ya ƙara masa da abu ɗaya: in an tashi aiki, majemi yakan yanka lemon tsami ya goge hannuwansa kafin ya nufi gida. Daraktan ya saka wannan yadda yake, ba kiɗa ba magana.

Kafin fim ɗin ya fito babu wanda Baba bai ba labari ba a Kumbotso, har mai gyaran kekensa. Umma ta koma kiransa Darakta, shi kuwa yana amsawa. Ranar da za a yi sharhin fim ɗin a rediyo, bayan la'asar, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya tara abokansa.

Mai sharhin bai raga ba. Ya ce fim ne mai sa barci, ba waƙa ba rawa, an bar jama'a suna kallon ƙato yana murza lemo kamar zai haɗa zoɓo. Abokan Baba suka tuntsire da dariya. Ina leƙe daga zaure, na ga Baba ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Da mutumin nan yana kusa, da ya ji a bakina.

Sai aka buɗe layin masu saurare. Wata mata ta kira daga Dorayi, ta ce marigayi mahaifinta majemi ne a Sharada.

"Kullum da ƙamshin lemo yake ɗaukata," in ji ta. "Na zaci son lemo yake yi. Sai a fim ɗin nan na gane warin fata yake ɓoye mana."

Ni ma sai a lokacin na gane.

Baba ya ɗago, ya gyara zama, ya ce a ƙara muryar rediyon.

Da ya shigo na kama hannunsa na shinshina. Ya fizge yana dariya, ya ce in sake shi, ai yau bai je aiki ba. Amma ƙamshin yana nan.