Farin Yadi a Ƙasan Jakata

Ni haifaffen Jidda ne, a unguwar Sa'alaba aka yanke mini cibiya, kuma har na kai shekara talatin da takwas ban taɓa ganin ruwan sama ya wuni yana zuba ba. Namu na nan sau biyu ne ko uku a shekara, ya zo a fusace, ya cika tituna, ya tafi. A ofishinmu na unguwar Bagadadiyya, inda muke cike takardun fiton kaya, akwai wani abokin aikina ɗan Indunusiya da kullum yake nuna mini hotunan garinsu: gonakin shinkafa kore shar a jikin dutse, ga ayaba, ga kwakwa. Tun ina cewa ƙaryar waya ce har abin ya shiga raina. Na tara hutuna, na lallaɓa kafili, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya fitar mini da bizar fita da dawowa ta wata biyu, na sayi jakar goyo irin ta masu yawon duniya, mai ɗamara a ƙugu.

Ranar da na kawo ta gida na goya don Ummi, mahaifiyata, ta gani. Na ɗauka za ta yi dariya, amma sai ta kawar da kai.

Ummi ta shigo ƙasar nan tana 'yar shekara shida, ita da mahaifinta, ta Sudan, rabin hanyar a ƙafa, shi da ƙunshin kaya a baya. Sun ce wa mutanen gida za su sauke farali su dawo. Shi yana kwance a maƙabartar Jidda, ita kuma ga ta nan da hawan jini da ciwon gwiwa. Ba wanda ya koma.

Ta ce, "Auta, irin goyon nan na san shi. Haka Babana ya goya muka fito."

Na ce, "Ummi, shahar wa nus ne fa, wata ɗaya da rabi, halas."

"Mu ma wata nawa muka ce?"

Tsoronta ba na banza ba ne. Fasfona na ƙasar da ban taɓa takawa ba ne. Idan bizar ta ƙare ina waje, iƙamata, wato takardar izinin zamana, ta mutu, ƙofar Jidda ta rufe, kuma mun san waɗanda hakan ta faru da su. Amma ni mutum ne mai saurin hawa. Na ce mata so take in tsufa tsakanin Sa'alaba da Bagadadiyya kamar motar haya. Kwana uku daga gaisuwa ba abin da yake haɗa mu. Da safiyar tafiyata ta sa Yaya, babbar yayarmu da ke zaune da mu tun rasuwar mijinta, ta kai mata jakar ɗaki, wai za ta sa mini dabino da yaji. Ta dafa kaina, ta ce Allah ya kai ni ya dawo da ni.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin duniya. Na ratsa tsibirin Jawa a jirgin ƙasa, hancina manne da gilashi. Na kwana a ɗakunan haya masu arha, na ci soyayyiyar shinkafa a ganyen ayaba har ta fita raina. A masallatan ƙauye, da zarar na ce daga Jidda nake, kusa da Makka, sai tsofaffi su riƙe hannuna su ƙi saki, ni da nake makara sallar asuba. Jakar kuwa jifa nake da ita saman mota, in zauna a kanta a tasha. Gida sai dai in tura wa Yaya hoto, don har lokacin ina fushi da Ummi. Na ma fara lissafin in ƙara kwanaki, in kai bizar har bakin ƙarewarta.

A tsibirin Lombok na yi hayar babur na hau dutse da jakar a baya. Nan ruwan da na zo nema ya same ni, kamar da bakin ƙwarya. Na isa masauki ina ɗiga. Mai masaukin wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a wani gida a unguwar Aziziyya ta Jidda, Larabcin Jidda a bakinta har da zagin. Khala nake ce mata, wato gwaggo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yalla, zazzage komai, in ba haka ba gobe duk ya yi fumfuna."

A ƙasan jakar akwai wani aljihu mai zif da ban taɓa buɗewa ba. Na zuge, sai ga ƙunshi a leda, ruwa ya shiga ta gefe. Na kwance. Farin yadi ne, sabo, a ninke, yana ƙamshin kafur. Ba sai an gaya mini ba, likkafani ne.

Raina ya ɓaci. Wato har ta gama da ni, ta haɗa ni da likkafanina. Na zauna a dakali ina huci, ina faɗa wa Khala abin da uwata ta yi mini. Ita ko kallona ba ta yi ba. Ta yi bismilla, ta shiga shanya yadin ƙyalle-ƙyalle a igiyar da ke ƙarƙashin rumfa. Iska ta fizge wani ɗan ƙarami ta jefa shi cikin jan taɓo. Ta ɗauko, ta ware, ta ɗaga mini shi.

"Ya waladi, kai kana ɗaura kallabi?"

Na ce a'a.

"To wannan ba naka ba ne. Na mace ne."

Sai a lokacin na tuna akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Ummi. Shekarar da mahaifinmu ya rasu ta sayi yadi, ta kai Makka ta jiƙa shi da ruwan Zamzam, ta shanya, ta ninke. Duk shekara kafin azumi takan fito da shi ya sha iska, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Abin da ta fi ji da shi ke nan a duk kayanta, ni kuma sati uku ina zama a kansa a tashar mota.

Na kira Yaya ta bidiyo. A can hantsi ne. Ta miƙa wa Ummi wayar, na ga rabin fuskarta da silin, don ba ta taɓa iya riƙe waya daidai ba.

Na ce, "Ummi, me kika sa mini a jaka?"

"Au, sai yau ka gani?"

"Haram alaiki, Ummi. In wani abu ya same ki fa ba na nan?"

Ta ce, "Ina za ni ba kayana? Ka gama yawonka a tsanake, auta. Ni dai ka kawo mini abina da hannunka."

Na yi kuka a gaban Khala, ita kuma ta yi kamar tana gyara shanya.

Mun wanke kallabin sau uku, tabon bai fita duka ba. Daga ranar ban ƙara jefa jakar saman mota ba. A jirgin fito a cinya nake rungume ta, Turawa suna kallona kamar mai ɗauke da zinariya. Na ga sauran wuraren da na tsara, na yi iyo a teku, na sha ruwan kwakwa, amma kullum bayan la'asar sai na kira gida. Zancen ƙara kwanaki kuwa ban sake yin sa ba. Na sauka Jidda da sauran kwana goma sha biyu a bizata.

Ummi ba ta tambaye ni tsaraba ba. Ta karɓi ƙunshin, ta kwance, ta duba ƙyalle-ƙyalle, har ta zo kan tabon.

"Ka ɓata mini kaya."

Na ce zan sayo sabo, in kai Makka da kaina in jiƙa.

Ta shinshina kallabin, ta ce, "Bar shi. Wannan ya je ya dawo."

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Yaya ce ta yi mata wanka. Da ta fito ta same ni a bakin ƙofa, ta ce tabon yana nan, ya zauna daidai kunnenta na dama.