Ragon da Ya Yi Ƙiba a Hoto

Ni mahauci ne, sunana Mati, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Sada a cikin garin Daura. Shekara talatin yana dillancin dabbobi a karar Mai'adua, ni kuma shekara talatin ina feɗe abin da ya sayar. Saboda haka in ana neman mai ba da shaida a kansa, ni ne. Dillali yana iya yi wa mai saye daɗin baki, amma ba ya yi wa wuƙata.

Sada gajere ne siriri, mai rowar magana, ko gaisuwa sai ka yi kamar ka roƙe shi. Duk dukiyarsa hannunsa ce. Zai dafa gadon bayan rago, ya gangara gindin wutsiya ya danna, ya buɗe baki ya dubi haƙora, shi ke nan. In ya ce ya yi, to ya yi. In kuwa an ɗura wa dabba ruwan kanwa don cikinta ya tashi, sai ya goge hannu a riga ya wuce, ko da mai ita ɗan ɗakinsu ne. Shi ya sa 'yan Daura mazauna kudu ba sa wahalar zuwa, waya kawai suke yi masa.

Babba a cikinsu shi ne Alhaji Jibril, mai fataucin hatsi a Ibadan. Kowace Babbar Salla Sada ke zaɓar ragon layyar mahaifiyarsa, Hajiya Nagoggo, ya kai mata gida, ni in feɗe. Tambayar Alhaji ɗaya ce duk shekara: "Malam Sada, me hannunka ya ce?"

Sai zamani ya juya. Masu saye suka koma cewa a turo hoto, gani ya kori ji. Ƙaramar wayar Sada kuwa in ta ɗauki rago sai ka rantse ta cikin koko aka hango shi. Wani dillali mai suna Mahdi, wanda a gaban idonmu ya shigo kara, ya riƙa kwashe masa mutane ɗaya bayan ɗaya da wata shirgegiyar waya. Sada ya yi shekara biyu yana cije baki. A ta uku ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya je Kano ya dawo da waya mai idanu uku a baya. Matarsa Ikilima ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Malam, naka biyun me suka yi maka?"

Gaskiya wayar muguwa ce, ni kaina na sara mata. Daga wannan gefen kara za ka jawo saniyar da ke wancan gefen har ka ga kaska a kunnenta. A cikin inuwar rumfa hoto kan fito tarwai kamar da hantsi. Farin balami da ya kwana cikin kashi sai ya fito fari fat, gashi ɗai-ɗai, abin da ke bayansa kuma duk ya dushe, ragon kaɗai ke tsaye. In ka tsuguna ta gabansa ka ɗauka, ƙirji ya buɗe, ƙaho ya miƙe. Abu ɗaya ne ba ta iya nunawa, abin da ke ƙarƙashin gashin. Mutanen Sada suka fara dawowa, har dariya ya koya. Ni dai abin da na lura, ya fi daɗewa a tsugune gaban rago fiye da tsaye a bayansa.

Shekarar da abin ya faru raguna sun yi wuya, kaɗan ke shigowa ta kan iyaka a Kongolam. Ana saura kwana uku Salla Sada bai samu na Nagoggo ba. Abin da ya rage a hannunsa wani dogon ragon uda ne mai yawan gashi. Ya dafa shi, ya danna, hannunsa ya tarar da ƙashi. Da bakinsa ya gaya mini wannan daga baya. Ya ce ya ɗauki hoton ne kawai don ya ga yadda zai fito, da ya duba kuwa shi kansa sai da ya yi salati. Ya tura. Alhaji ya kira nan take, murya cike da murna, ya yi tambayarsa ta kullum. Sada ya ce, "Alhaji, ai ga hoto nan ka gani."

Bai yi ƙarya da bakinsa ba, har gobe yana riƙe da wannan. Ni kuwa ina ce masa, ai gara ƙaryar.

Ranar Salla na sa wuƙa, tun kafin in gama cire fata na ga abin da ke ƙarƙashin gashin. Ba kitse ko na shafa wa tukunya, haƙarƙari ana ƙirgawa daga nesa. Ga shi a unguwarmu ba a ɓoye ragon layya. Banƙare shi ake yi a kan itace, a jera na maƙwabta duka a bakin wuta ɗaya a ƙofar gida, kowa ya zo wucewa ya gani. Na kowa yana ɗigar da mai wuta na tashi, na Nagoggo yana bushewa kamar kilishi. Tsohuwar ta dogara sanda ta leƙo zaure, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Mati, wannan ne Jibrilu ya aiko mini?" Na ce shi ne, Hajiya. Ta ce Allah ya karɓa, ta koma ciki. Shekara da shekaru ita ke aika wa gidaje cinya da kafaɗa, a wannan shekarar a ƙananan kwanuka aka fitar da rabonta.

Washegari Alhaji ya kira ni. "Mati, tsakaninka da Allah, yaya ragon Inna?" Na dubi katangar Sada, na faɗi abin da wuƙa ta gani. Na yi baƙin ciki ranar, kuma har yau in na tuna raina ba ya yi mini daɗi, amma an haɗa ni da Allah.

Alhaji bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba. Da ma ya zage shi, da ya fi sauƙi. Sada ya koma shirunsa na da, sai dai wannan shirun daban ne. Wayar tana aljihu, yana aiki da ita, don yanzu ba mai sayen rago ba hoto.

Da Salla ta zagayo, ya fara neman ragon Nagoggo tun da saura wata biyu. Ya samo balami ya ɗaure a gida, shi ke ba shi dusa da harawa da hannunsa. Ranar Lahadin ƙarshe kafin Salla ya kai shi kara, ina tsaye a wurin ya kira Ibadan. Bai jira tambaya ba, ya ce, "Alhaji, hannuna ya ce ya yi."

Alhaji ya ce, "To madalla, Malam Sada. Ka riƙe shi nan, na ce Mahdi ya zo ya duba mini."

Mahdi ya iso yana sosa ƙeya, dillalai suka bar abin da suke yi suka zuba ido. Ya ce, "Yaya Sada, ka yi haƙuri, aiko ni aka yi." Ya shafa bayan ragon sama-sama, yana son ya gama ya bar wurin.

Sada ya gyara riƙon igiya. Ya ce, "Ba nan ba. Gangara gindin wutsiya, ka danna sosai."

Ya kawar da kai gefe har Mahdi ya gama.